Tiren Yaya Rakiya

Shekara tara ke nan cif da muka raka Yaya Rakiya makwancinta. Da bakina nake faɗa, amma zuciyata ba ta gama yarda ba, domin har gobe in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida da la'asar sakaliya, sai na ɗaga kai kamar zan ji sallamarta. Duk shekara in watan rasuwarta ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Bana dai na daure, saboda wani sabon baƙin ciki ya zo ya hau kan tsohon, kuma na rasa wanda zan kai wa kuka sai ku masu karatu.

Ga wanda bai san ta ba, Yaya Rakiya ma'aikaciyar jinya ce, wadda aka fi sani a Bauchi da Sista Mai Tire. Ita ce 'yar fari a ɗakinmu, ni ne auta, malamin gona da ya yi ritaya ya koma Tirwun yana fama da 'yar gonarsa. Mahaifiyarmu, Inna, tana nan da rai. Yanzu haka da nake wannan rubutu tana kwance a ɗakin da ke jikin nawa, ƙugunta a karye, hankalinta yana zuwa yana komawa. Kowa ya zo dubiya sai ya ce mini tsufa ne, in yi haƙuri. Ni kuwa na zauna da Yaya Rakiya, na san ba kowace ruɗewar tsoho ce tsufa ba. Wata a cikin ledar maganinsa take. Ledar Inna ce na yi ta yawo da ita a garin nan, na rasa mutanen da za su zauna tare su duba.

Bari in fara da yadda suke da Inna, don in ba ku san wannan ba ba za ku gane abin da ke cin raina ba. Inna jinin Fulani ce, iyayenta makiyaya ne da suka zauna a gari, kuma ta shigo gidan mahaifinmu a Ƙofar Dumi da kunyarta cikakkiya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunan 'yar farinta ba. Ba ta kallon ta ido cikin ido, ba ta cin abinci a gabanta, in Yaya ta durƙusa ta gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Da Yaya ta fara aikin asibiti sai Inna ta samu mafita, ta raɗa mata "mai fararen kaya". Sai ka ji, "Auta, kai wa mai fararen kaya furarta." Ko kuma, "Mai fararen kaya ta dawo kuwa?" Mu muna dariya, Yaya ma dariya take yi, don ta san furar da aka fi dama wa nono tata ce.

Yaya ta daɗe tana aiki kafin aka tura ta wani kwas na ƙaro ilimi kan kula da tsofaffi. Ta dawo da magana ɗaya a bakinta, ta ishi kowa da ita a gida da asibiti. Cewa take tsoho ba ciwo ɗaya yake kawowa ba, saboda haka ma'aikaci ɗaya ba zai iya da shi ba komai iliminsa. Takan ce an mayar da tsoho naman watanda, mai ido ya ɗauki ido, mai suga ya ɗauki suga, mai hawan jini ya ɗauki nasa kason, kowa ya tafi ɗakinsa ya rufe ƙofa, babu wanda ya ga saniyar a tsaye. Ni da na ji wannan a karon farko dariya na yi, na ce Yaya an je kwas an dawo da wa'azi.

Ashe ba a baki kaɗai ta tsaya ba. Wata safiya ta shiga ɗakinta ta ciro wani babban tire na kayan aurenta, mai zanen furanni, ta hau acaɓa da shi a cinya ta nufi asibiti. Abokan aikinta suka yi mata caa, suna cewa, "Sista, talla aka koma? Yau me ake sayarwa?" Ta ce musu, "Hankali nake sayarwa, na ga naku ya yi ƙasa, ku zo ku saya." Daga ranar sunan ya bi ta.

Ga yadda abin yake. Kowace Alhamis bayan azahar, in an sallami masu ganin likita, sai a zauna a barandar da ke bayan ɗakin tsofaffi. A zaɓi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, a ce ya zo da duk abin da yake haɗiya, ko yake shafawa, ko yake turarawa. Na asibiti, na kemis, na mai talla a tasha, sassaƙen da aka jiƙa a gora, har ƙwayar da maƙwabciya ta ba shi don ta yi mata aiki. A zazzage duka a kan tire a gaban kowa. Likita yana zaune, nas tana zaune, mai haɗa magani, mai gashin ƙashi, mai tsara abincin marasa lafiya, sai kuma ɗan uwan da ke kwana da majinyacin, wanda Yaya ke cewa shi ma ma'aikaci ne, rigar ce kawai ba a ba shi ba. Sababbin ma'aikata da ɗalibai su tsaya a baya suna kallo. In tsoho ya fara nuƙu-nuƙu da wani ƙulli a aljihu, sai ta ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, fito da shi." Wannan baranda ita ce ajinta, ba allo ba alli.

Na taɓa zama a bakin tiren nan sau ɗaya, ranar da aka duba Baffa Jauro, ƙanin Inna. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, numfashi yana yi masa wuya, an yi ta ba shi magani babu sauƙi. Da aka zazzage ledarsa sai ga wasu ƙananan fararen ƙwayoyi cike da ƙullin tsumma, ya daɗe bai taɓa su ba. Likitan, matashi ne a lokacin, ya tambaye shi dalili, Baffa ya sunkuyar da kai. Yaya ta juyo gare ni ta ce, "Auta, kai kake kwana da shi, me ka gani?" Na ce ni dai na ga duk ranar da ya sha, buta ba ta barin hannunsa, har jam'i yana wuce shi. Sai a sannan Baffa ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ƙwayar nan ba ta barin mutum da alwala. Daga gida zuwa masallaci ta karye. Ni da furfurata in tsaya a sahu da wando a jiƙe? Gara kumburin ya kashe ni."

Abin da ya biyo baya shi ne har yau nake tunawa. Likita ya yi masa bayanin cewa ƙwayar ita ke janye ruwan da ke taruwa masa a ƙirji, barin ta halaka ce. Mai haɗa magani, wata Madam Ngozi da ta zo Bauchi daga kudu tun tana budurwa, ta tambayi lokacin da yake sha. Ashe da tsakar rana yake sha, don an ce masa bayan cin abinci, shi kuwa ba ya karyawa sai rana ta take. Ta ce in ya sha da zarar ya idar da sallar asuba, ƙarfinta zai lafa kafin azahar. Mai abinci ta hana shi yawan gishiri da kanwa. Mai gashin ƙashi ya nuna masa yadda zai tashi daga tabarma ba tare da jiri ya kwashe shi ba. Yaya ta ce in kai shi wurin limamin unguwa ya ji sauƙin da addini ya yi wa mai lalura. Babu ɗayansu da ya zo da amsar gaba ɗaya, kowa guntu ya kawo, aka haɗa a kan tire. Baffa ya ƙara shekaru masu yawa bayan nan, yana sallarsa a sahun gaba.

Kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Akwai manyan likitocin da suka ce su nas ba za ta kira su aji ba. Akwai nas-nas da suka ce tana neman suna ne. In rikici ya tashi tsakanin ɓangarori, aka shiga yajin aiki, barandar takan yi makonni babu kowa. Ita kuwa ba ta gardama. Takan ajiye wa likita kujera mafi kyau, ta ce, "Ni tire kawai na kawo, ranka ya daɗe, kai za ka jagoranta." A hankali masu ƙin zuwa suka riƙa leƙowa, saboda sun ga tsofaffin da suke ta sallama suna dawowa sun daina dawowa. Har ƙananan hukumomi aka riƙa gayyatar ta, ta ɗauki tirenta a mota ta je ta koyar. Ta yi ta roƙo a mayar da zaman doka, a ce duk wani ƙarin ilimi kan tsofaffi sai an haɗa ma'aikata wuri ɗaya da majinyaci a tsakiya. Aka yi ta ce mata ana dubawa. Ta taɓa ce mini, "Auta, abin da ke tsaye da ƙafar mutum ɗaya, ranar da ya zauna shi ma ya zauna." Na ce ta daina wannan magana, ba na so.

Leda ɗaya ce a duk faɗin Bauchi Yaya ba ta taɓa zazzagewa ba, ta Inna. A lokacin ba wani abin kirki ba ne a ciki, man zafi ne da 'yan ƙwayoyin ciwon gwiwa. Ta aike ni in roƙa mata, don ita ba ta isa ta tunkari Inna da irin wannan magana ba. Inna ta ɗaure fuska ta ce, "Ka ce wa mai fararen kaya lafiyata lau." Da na kai saƙo Yaya ta yi murmushi ta ce, "Bar ta, yanzu ledar ba nauyi. Ranar da ta yi nauyi ka sato mini ita." Muka yi dariya muka bar zancen.

Ba ta ga wannan ranar ba. Ciwon 'yan kwanaki ne ya ɗauke ta, ko ritaya ba ta kai ba. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta kan tsufan mutane, Allah bai nufe ta da ganin nata ba. A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Allah ya ji ƙan Musulmi." Ko a ranar ba ta faɗi sunan ba, ni kuwa na ji haushin ta, wallahi na ji, ko da yake na san ba rashin so ba ne.

Zaman Alhamis ya ɗan ci gaba bayanta, kamar yadda tukunya ke ci gaba da tafasa bayan an janye itace. Daga nan aka mayar da shi wata-wata. Likitan nan matashi ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi. Mai abinci aka canja mata wurin aiki. Madam Ngozi ta yi ritaya. Wata rana aka aiko mana da kayan Yaya da suka rage a ofis, takalmanta na aiki, da abin auna jini, da tiren. Na kai shi Tirwun na rataye a bango, matata tana so ta riƙa shanya kuɓewa a kai na hana ta.

Yanzu ku ji yadda ledar Inna ta yi nauyi. Da gwiwa ya matsa mata, wani mai kemis ya ba ta maganin ciwo mai ƙarfi, ta riƙa sha kullum. Jininta ya hau, muka je asibiti aka yanka mata kati aka ba ta magani. Idonta ya fara hazo, muka je wurin masu ido, su ma suka auna jinin suka ga ya hau, aka rubuta mata wani. Aka gano suga, wannan kuma ɗakinsa daban, ranarsa daban, katinsa daban. Barci ya ƙi, wani jikanta ya kai ta asibitin kuɗi aka ƙara mata na barci. Ko'ina muka je tambaya ɗaya ce, "Me ke damun ta?" Babu inda aka ce, "Me take sha?" In na ɗaga ledar na ce ga shi, sai a ce in riƙe tukuna, layi yana da tsawo. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Inna da ta san kowace kaza a gidana da uwarta, ta san jikokinta da tattaɓa kunnenta ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta tana gyangyaɗi da carbi a hannu da hantsi. In ta miƙe sai ta dafa bango. Ta fara kira na da sunan mahaifinmu da ya rasu tun tuni, tana tambayar ko an kora shanu rafi. Cikin 'yan watanni wannan ya faru, ba shekaru ba. Tsufa da na sani sanɗa yake yi, ba ya dirar wa mutum haka.

Ana cikin haka aka aiko mana da gayyata. Wai za a yi taron bita na ma'aikatan lafiya kan kula da tsofaffi a wani otal a GRA, kuma za a yi wa Sista Rakiya addu'a, ana so wani daga danginta ya halarta. Na ce Alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sa babbar rigata, na zura tire da ledar Inna a buhu, na ce yau dai zan same su duka a ɗaki ɗaya.

Kayya! Da na isa sai na tarar nas-nas ne kawai a zauren. Na tambaya ina likitoci, aka ce nasu jiya aka yi. Masu haɗa magani fa? Sai gobe. Wai an raba ne don zauren ya yi kaɗan, kuma don kada a samu saɓani. A jikin bango an rataye ƙyalle da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa taron na koyon aiki tare ne. Aka kashe fitila aka kunna majigi, aka nuna hoton wani da'ira da kibiyoyi, tsoho a tsakiya, ma'aikata kewaye da shi suna murmushi. Na waiga hagu na waiga dama, a duk zauren babu tsoho mai rai sai ni. Aka tashi aka yi wa Yaya addu'a, aka ce ta kafa tarihi, aka tafa. Na shafa fatiha tare da su, buhuna yana tsakanin ƙafafuna, raina kuwa in ya yi dubu ya ɓaci.

Da aka fita shan shayi na tare wata nas da na ga alamar hankali a fuskarta, na buɗe bakin buhun. Tana ganin zanen furannin sai idonta ya kawo ruwa. Ashe tana cikin ɗaliban da ke tsayawa a bayan baranda. Ta ce, "Baba, wallahi na san tiren nan, a kansa na koyi aiki. Amma da wa zan zauna? Ni kaɗai ce a ɗakin mata tsofaffi in ina kan aiki. Likita yana shigowa da gudu ya fita da gudu, wasu ɗakunan na jiran sa. Mai gashin ƙashinmu ya tafi, ba a kawo wani ba. Yau ma satifiket ɗin nan na zo karɓa, in babu shi ba za a sabunta mini lasisi ba." Na tambaye ta ko za ta daɗe a Bauchi. Ta kawar da kai ta ce tana karatun jarrabawar fita waje. Ban ga laifinta ba, har ga Allah ban gani ba. Na sa mata albarka na ɗaure buhuna.

Daga nan na nemi Madam Ngozi. Ta buɗe ɗan shagon magani a wani layi bayan kasuwa, ta tsufa ita ma, tana tafiya tana jan ƙafa. Da na ciro tiren ta dafa ƙirji ta ce, "Kai! Tiren Sista!" Ta tura ƙyauren shago, ta goge tiren da bakin zanenta, ta zazzage ledar Inna da hannunta. Ba ta daɗe ba ta ware kwalaye biyu, launinsu daban, sunansu daban, ta ce magani ɗaya ne, Inna tana shan na hawan jini ninki biyu. Ta ɗaga na barcin ta girgiza kai, ta ce ya yi wa mai shekarun Inna ƙarfi. Ta ce na gwiwar kuma shi ke ta da jinin tun farko. Na ce to Madam, cire mini waɗanda za a cire. Ta ce, "Malam Auta, ni ido ne kawai, ina gani amma ba ni da hannu. Wane za a daina, wane za a rage a hankali, sai likita ya auna Mama. In na cire da ka, jini zai iya tashi ya buge ta. Da a da ne, Alhamis ɗaya ta isa." Muka zauna mu biyu a bakin tiren da a da mutum shida ke kewayewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun ya san inda jinkar take.

Na koma bin ƙofofi. Likitan hawan jini, Allah ya saka masa, ya saurare ni ya soke ɗaya daga cikin biyun. Da na kawo zancen na barci ya ce ba shi ya rubuta ba, kuma ba a yanke shi lokaci guda, in koma wurin wanda ya fara. Na je, aka ce ya bar aiki. Na suga kuma aka ce sai ranarsu ta zagayo. Kafin ranar ta zagayo, Inna ta miƙe za ta yi alwalar azahar, buta a hannu, jiri ya kwashe ta a tsakar gida. Ina gona aka kira ni. Masu ƙashi suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce shekarunta ba za su ɗauki aiki ba, suka rubuta nasu maganin suka sallame mu. Ledar da na fita da ita don a rage, na dawo da ita ta fi da nauyi.

Nakan zauna in tambayi kaina me Yaya za ta ce in ta leƙo ta ga Bauchin yau. An yi sababbin gine-gine, an kawo na'urorin da ba ta taɓa gani ba, maganar da aka yi mata dariya a kanta yanzu ita ake rubutawa a ƙyalle a rataye a otal. Na san ba za ta zagi matasan ma'aikatan ba, ba halinta ba ne. Za ta ce a nemo mata ko mutum uku ne a fara. Amma ina za ta same su? Waɗanda ta koyar sun watsu a duniya suna kula da tsofaffin wasu, waɗanda suka rage aiki ya danne su ko ɗaga kai ba sa iyawa. Ina jin da za ta ɗauki tirenta ta zauna a barandar ita kaɗai har la'asar, ta tashi ta hau acaɓa ta dawo gida. Wannan tunanin ya fi mutuwarta yi mini ciwo.

To me ya rage nata? Na auna, ba zan yi muku ƙarya don in faranta wa kowa ba. Akwai shekarun da Baffa ya ƙara a sahun gaba, da na wasu iyayen da 'ya'yansu ke tare ni a kasuwa suna yi mata addu'a. Wannan yana wurin Allah, ba ya ɓata. Akwai nas ɗin da ta yi hawaye, wataƙila wata rana a wata ƙasa ta ce wa wani tsoho ya zazzage ledarsa. Amma a nan garin da aka haife ta, aikin ya mutu, sunan ne kawai ake fitowa da shi ranar taro a karkaɗe a mayar. Ba na roƙon kowa komai a wannan rubutu, na gaji da roƙo. Ina dai tuna wa mai karatu cewa duk wanda bai mutu da wuri ba, ledarsa tana nan tana jiran sa. Tawa ma ta fara, ƙwaya iri biyu ce a ciki.

Makon jiya da hantsi ina ba Inna kunu, sai ta kama wuyan hannuna. Idonta ya washe kamar na da. Ta ce, "Auta." Rabon da ta kira ni daidai har na manta. Na ce, "Na'am, Inna." Ta ce, "Ina Rakiya?"

Ludayin ya suɓuce mini. Na haura shekara sittin a duniya, ban taɓa jin wannan suna a wannan baki ba. Ta faɗe shi sarai, ba ta kalli bango ba. Ta ce, "Ka kira mini Rakiya. Ka ce mata na yarda, ta zo ta zazzage." Allah ya yafe mini, na ce, "Tana hanya, Inna." Ta gyaɗa kai ta saki hannuna. Har ta lumshe ido sai ta sake buɗewa ta ce, "To a share tsakar gida, a shimfiɗa babbar tabarma. Ba ita kaɗai take zuwa ba, da mutanenta take tafe."

Ashe duk shekarun nan da take kallon bango, ta san komai. Ta san tiren, ta san waɗanda ke zama a bakinsa.

Na share tsakar gidan da kaina. Na shimfiɗa tabarmar, na sauko da tiren daga bango na ajiye a tsakiya, na ɗora ledar a kai. Allah ya ji ƙan Yaya Rakiya, ya haskaka kabarinta, ya sa aljanna ce makomarta. Tabarmar tana nan a shimfiɗe har yau, Inna ta hana a naɗe. Duk sanda ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai ta ce in leƙa in ga ko su ne.